Daga buhun wake zuwa akushin yara: gubar da ake saye da kuɗin cefane

A ƙasashen Turai, abincin da aka noma ba tare da maganin ƙwari ba yana da kantunansa da tambarinsa da tsadarsa, Faransawa kuma na ce masa «bio». A Nijar, inda kaka da kakanni suka rayu bisa hatsi da wake da ganyen daji, magidancin birni ya wayi gari bai san abin da aka zuba ma waken da ya sayo ba, bai san ranar da aka fesa salatin da ke gaban ƴaƴansa ba. Alhali dubarun kauce ma wannan haɗari suna nan, an gwada su a Maraɗi da Tawa da Damagaram, kuma mafi yawansu ba su fi ƙarfin mai ƙaramin albashi ba.

Kowane ƙarshen wata ma'aikaci na kasa albashinsa kashi-kashi: kuɗin haya, kuɗin ruwa da wuta, makarantar yara, buhun shinkafa, abin da ya rage kuma na cefane. Ɗan kasuwa ma haka yake lissafinsa, ko da yake shi kullum ne. Wajen sayen abinci abu biyu ake dubawa, farashi da kyan gani. Ana son wake fari tas wanda ƙwaro bai huda ba, da shu mai ganye sumul, da tumatir mai sheƙi. To amma a ƙasar da ƙwari ke da yawa kamar wannan, kayan da ba su da tabo ko ɗaya suna da dalilin da ya sa suka fito haka, kuma sau da yawa dalilin yana cikin wata ƴar kwalba da mai saye bai taɓa gani ba.

Abin da ke cikin buhu

Nijar ce ƙasa ta biyu a duniya wajen noman wake, bayan Najeriya, kuma wake na cikin manyan kayan da ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Birnin Ƙonni ke fitarwa. Kowa ya san yadda cinikin yake: a saye da kaka lokacin da tiya ke araha, a ajiye, a saida gab da damina lokacin da ta yi tsada. Abokin gabar wannan ciniki shi ne ƙwaron wake. Tun a gona yake shiga, ya yi ta haihuwa cikin buhu, ta yadda cikin ƴan watanni kayan jikka ɗari kan koma gari da ɓawo.

Domin tsare dukiyarsu, masu ajiya da yawa sun koma ga magani iri biyu. Na farko ruwa ne mai wari da aka sani da piya-piya, wanda sinadarinsa ake rubutawa DDVP a jikin kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magunguna masu tsananin haɗari. Yana kashe ƙwaro ta hanyar rikita jijiyoyinsa, kuma haka yake yi ma mutum: amai, dalalar miyau, zufa, makyarkyata, daga nan numfashi ya gagara. Yaro ƙarami ya fi saurin kamuwa, kasancewar jikinsa bai da nauyin da zai jure abin da babba ke jurewa. Na biyu ƙwayoyi ne masu fidda iskar guba in sun sha danshi. An yi su domin manyan rumbunan da ake rufewa ruf, a hannun ma'aikatan da aka horar. Wanda ya jefa su cikin buhu ya ajiye a ɗakin da iyali ke kwana, ya kwana da ajali a gefen tabarmarsa.

Illar ba ta tsaya ga lafiya ba, ta taɓa ciniki. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar busasshen wake daga Najeriya, bayan an yi ta samun DDVP cikinsa fiye da ƙima nesa ba kusa ba, kuma an sake tsawaita hanin a shekarun da suka biyo. Wannan darasi ne ga duk mai son waken Nijar ya samu kasuwa mai nisa. Buhu guda mai guba na iya rufe ƙofa ga ƙasa baki ɗaya.

Ga shi kuwa maganin matsalar an daɗe da samun shi. Tun 2007 jami'ar Purdue ta Amurka, tare da masu bincike na cibiyar INRAN ta Maraɗi da takwarorinsu na ƙasashe maƙwabta, suka fara yaɗa buhun nan mai riɓi ukku da ake kira PICS: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowane riɓi dabam. Ƙwarin da ke ciki kan shanye ƴar iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu. Ba a sa ko ɗigon magani, kuma wake na iya yin watanni da yawa yana nan yadda aka zuba shi. A shekarun farko wajen jikka guda ake saida buhun, kuma muddin ɓera ko ƙaya ba su huda ledar ba ana sake amfani da shi wata shekara. Gangar ƙarfe ko bido mai murfin kirki suna yin aiki iri ɗaya. Tsofaffi ma sun san sirrin tun da daɗewa, shi ya sa suke cuɗa irin shuka da toka ko rairayi su liƙe bakin tulu da laka.

Daga garka zuwa kasuwa

Bayan yunwar 1984 hukuma ta ƙarfafa noman rani, garake suka yawaita a Gulbin Maraɗi da Jiratawa, da kwarin Majiya, da ƙoramun Matamai da Magarya, da bakin kogi a Yamai. Alheri ne babba: albasar Galmi ta yi suna har bakin teku, birane kuma sun samu ganye da kayan miya kusan duk shekara. Amma ƙwari sun biyo bayan ganye, magani kuma ya biyo bayan ƙwari.

Tun 1994 ƙasashen ƙungiyar CILSS suka ɗora ma wani kwamiti mai mazauni a Bamako nauyin tantance magungunan ƙwarin da aka yarda a saida a yankin Sahel. Duk da haka, binciken da ƙungiyar RECA ta manoman Nijar ta sha yi a kasuwanni ya nuna cewa mafi yawan magungunan da ake samu a tebur ba su da wannan izini. Ta kan iyaka suke shigowa, bayaninsu da Ingilishi, manomi kuma sai ya dogara ga abin da mai tebur ya faɗa masa. Ta haka maganin da aka yi domin auduga ke ƙarewa bisa shu da tumatir. Ta haka kuma ake mance da ƙa'ida mafi muhimmanci, wato kwanakin da ya wajaba a jira tsakanin fesawa da tsinka, waɗanda kan kai mako guda ko biyu bisa ga irin maganin. Mai garkar da motar kasuwa ke jira gobe da asuba ba kasafai yake ƙirga kwanaki ba. Har zogala, wadda likitoci ke yaba ma amfani, ana fesa ta saboda tsutsar da ke cin ganyenta.

Matan gida da yawa sun saba wanke salati da ruwan jabel ko da jan maganin nan da ake narkawa cikin ruwa. Al'ada ce mai kyau, musamman a Yamai inda ake ban-ruwan wasu garake na kwarin Gunti Yena da ruwa maras tsabta. Sai dai a sani cewa wannan wanki ƙwayoyin cuta yake kashewa. Maganin ƙwarin da ya riga ya shige cikin jikin ganye, wanki ba ya fidda shi duka. Tsaron gaskiya a garka yake farawa.

A nan ma akwai makami a ƙofar gida. Iccen bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, ya cika titunan kowane gari, tun 1975 kuma aka yi ta dasa shi layi-layi a kwarin Majiya domin tare iska. Ƴaƴansa da ke zuba ƙasa yara na tattakawa maganin ƙwari ne. Malaman gona na koyar da awon: a daka busassun ƙwayoyin, a jiƙa rabin kilo cikin lita 10 na ruwa, a bari ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa da marece. Yana hana tsutsa ci da girma, rana kuma na lalata shi cikin ƴan kwanaki, saboda haka ba ya daɗewa a jikin ganye. Aibinsa guda, yana son a maimaita shi kusan kowane mako, aiki kuwa kuɗi ne. A gonakin hatsi, masu binciken INRAN sun yi shekaru suna kiwon wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai kama da zanzaro, suna raba shi ga ƙauyuka cikin ƙananan buhuna, ya fita ya kashe tsutsar da ke cin zangarniya ba tare da an fesa komi ba.

Batun taki: a yi hattara da kwaikwayo

Wanda ya karanta jaridun Turai zai iya ɗauka cewa noma mai tsabta shi ne a guji takin zamani gaba ɗaya. Turawa na da dalilinsu, domin gonakinsu sun ƙoshi da taki har ya gurɓata musu ruwan sha. Halin Nijar dabam yake. A taron Abuja na 2006 shugabannin Afirka sun sa burin kilo 50 na taki ga kowace hekta, manomin Nijar kuwa, in aka yi matsakaicin lissafi, ko kashi ɗaya cikin goma na wannan bai kai ba. Jigawar ƙasar nan yunwa take ji, musamman ta sinadarin fosfor, ga kuma bakunan ci na ƙaruwa: ƙidayar 1988 ta samu mutum miliyon 7 da ɗoriya, ta 2012 ta samu miliyon 17. Gaya ma irin wannan manomi ya ƙi taki daidai yake da hana majinyaci magani don wani ya sha fiye da ƙima.

Hanyar da bincike ya tabbatar ita ce haɗa biyun cikin hikima. Cibiyar ICRISAT ta Sadore ta yaɗa dubarar ɗan tsunkule, wato giram 2 zuwa 6 na taki a kowane ramin shuka, abin da bai fi cikin murfin kwalbar lemo ba, tare da kashin dabbobi. A yankin Ilela da Badagishiri, tun ƙarshen shekarun 1980 manoma suka rungumi tassa, ramukan da ake haƙawa da rani a zuba taki su tare ruwan sama, har fako da aka yi watsi da shi ya koma gona mai tsada.

Babban abin alfahari kuwa shi ne sassaben zamani. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sarewa kowace shekara kututturan itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a sare duka, a zaɓi reshe biyu ko ukku a gyara, a bar su su girma. Manoman Agye da Tasawa da kudancin Damagaram suka ɗauki abin suka yi ta miƙa ma juna. Masu binciken da suka auna da hotunan sama a shekarun 2000 sun ƙiyasta hekta miliyon 5 da itatuwa kimanin miliyon 200. Sarkinsu shi ne gawo, mai zubar da ganyensa da damina ya bar ma hatsi rana, ya ba ƙasa taki, ya ba bisashe abinci da rani. Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ke da gona a ƙauye, umurni guda ga masu yi masa sassabe ya isa: a bar gawo da kalgo da sabara su tashi.

Tukunyar da ta sake hali

In an tsare abinci daga guba, saura tambayar abin da ake dafawa. A gidajen birni shinkafar waje da makaroni da burodi sun ture tuwon hatsi zuwa gefe, dunƙulen miya na kanti ya ture daddawar kalwa da ta batso, lemon kwalba ya zama abin tarbar baƙo maimakon fura da nono. Akwai dalilai: shinkafa ba ta son daka da surfe, matar da ke zuwa aiki kuma ba ta da lokacin turmi. Amma farar shinkafa ba ta kai hatsi ƙarfen da ke gina jini ba, dunƙulen miya kuwa wajen rabinsa gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na shawartar babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini. Hawan jini da ciwon sukari, waɗanda da ake ce ma ciwon masu kuɗi, yanzu sun zama baƙin kowace unguwa.

Ga yara lamarin ya fi tsanani. Babban binciken lafiyar jama'a na 2012 ya samu ƙarancin jini ga yara 73 cikin 100 ƴan ƙasa da shekara biyar, kuma jarirai 23 kacal cikin 100 ne ake shayarwa da nonon uwa zalla kafin wata shida. Binciken shekara-shekara ya yi ta nuna cewa fiye da yara 4 cikin 10 ba su kai tsawon shekarunsu ba. Mutanen Maraɗi ba su mance da 2005 ba, shekarar da aka yi jinyar dubun dubatar yara masu tamowa a jahar da ake ɗauka rumbun ƙasa. Abin da aka ceci yaran nan da shi, tushensa gujiya ce da madara da mai da sukari. Garin kunun yara na Misola kuwa hatsi ne da waken soya da gujiya. Wato kayan da ke gina yaro duk suna nan a kasuwar gari, illa dai a haɗa su cikin kunu tun daga wata shida, a ƙara da garin zogala ko kuka, da ƙwai ko kifi in hali ya yi.

A 2018 an fito da wani irin hatsi mai suna Chakti, wanda aka zaɓo saboda yawan ƙarfen jininsa da saurin nunarsa. A Damagaram, tun 2014 kamfanin Sahara Sahel Foods ke sarrafa anza da aduwa da magarya da ɗanya zuwa abincin kanti, ƴaƴan itatuwan da ba su san feshi ba. Ƙungiyoyin mata a birane na saida dambu da dage da garin fura busassu, waɗanda ke rage ma uwargida wahalar daka. Rufe iyakar Najeriya a 2019 da takunkumin 2023 sun tuna ma kowa abin da karyewar darajar sefa ta 1994 ta riga ta koyar: gidan da cikinsa ya dogara ga jirgin ruwa, ranar da hanya ta toshe shi ke fara kuka.

Sai dai a kiyaye, kasancewar abu na gargajiya ba ta wanke shi daga kowane aibi. Gujiya ko masarar da aka ajiye da danshi kan yi fumfuna mai fidda wata guba da ke lalata hanta, wadda suya ba ta kashewa. Ƙwayar da ta yi baƙi ko ta yanƙwane ko take ɗaci, zubar da ita ya kamata, kada a maida ta ƙuliƙuli ko tigadege don gudun asara.

Icce da leda

Kula da abinci na tafiya tare da kula da muhalli. Mafi yawan gidajen Nijar da icce suke dafuwa, kuma motocin icce na ƙara nisa kowace shekara kafin su cika. Murhun ƙarfe Mai Sauƙi, da aka fito da shi a shekarun 1980, na rage cin icce da hayaƙin da ke shiga ƙirjin uwa da goyonta. Tun da matatar man Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011, gaz na ƙasa ya shigo gidajen birni, kuma gidan mai albashi shi ya fi cancanta ya fara sauƙaƙa ma daji.

Ita kuwa baƙar leda, dokar 5 ga Nuwamba 2014 ta hana yin ta da shigo da ita da saida ta, amma duk mai ido ya ga yadda ta yi ma itatuwan bakin gari ado. Mahauta na fiddo ta dunƙule-dunƙule daga tumbin shanu da awaki. Tana toshe magudanan ruwa da damina, sauro ya samu wurin haihuwa. Kwando da ƙwarya da kwano mai murfi ba su ɓace daga kasuwa ba. Yaron da aka saba aikawa sayen koko da kwano ba zai ga baƙon abu ba in ya girma, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Nauyin da ke kan mai saye da mai saidawa

Mai garka ba maƙiyin kowa ba ne. Yana fesawa ne domin ya san uwargida za ta tsallake shu mai huji ta ɗauki mai sumul, ko da kuwa hujin nan shaida ce ta cewa tsutsa ta ci ta rayu. Ranar da masu saye suka fara tambaya, suka yarda su ƙara ƴan daloli ga wanda ya yi aiki da bedi ya kuma jira kwanakinsa, ranar ce feshin ganganci zai fara ja da baya. Ma'aikatan ofishi guda na iya haɗa kai su ƙulla amana da mai garka guda da suka san gonarsa. Magidanci na iya sayen wakensa da kaka daga hannun manomi ya ɗaure cikin buhu mai riɓi ukku, ya samu araha da kwanciyar rai tare. Tsakar gida ko yaya take ƙanƙanta tana ɗaukar zogala biyu da ƴar yakuwa, ruwan alwala da kashin akuya kuma sun ishe su.

Ɗan kasuwa na da rabo mafi girma, domin ta hannunsa kwalbar ke shigowa, ta hannunsa kuma buhun ke fita. Wanda ya tsare awo don tsoron Allah, ya dace ya tsare abin da ke cikin awon. Hukuma ita ma tana da nata: malaman gona su isa garake, bayanin magani ya zo da harshen da manomi ke ji, gidajen rediyo su yi ta maimaitawa, dokokin da aka sa ma hannu kuma su fito daga cikin takarda. Rigakafi dai ya fi magani, kuma kuɗin buhu mai riɓi ukku bai kai na kwana guda a gadon asibiti ba.